Ƙwan Zabin Lafani da Gargaɗin Kwamfaila

Illela, farkon damina

Bawana Mukhtari,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da hayaniyar Ikko. Mu nan lafiya lau. Baba ya warware daga zazzaɓin da ya yi, har ya koma rumfa. Goggo Tasalla, wato mahaifiyar da ka manta da ita, ƙafarta ta yi sauƙi, tana gaishe ka. Har yanzu ba a maido mana da sabis ba, shi ya sa ka ga takarda a hannun Halliru direba.

Yanzu mu zo kan laifinka. Akwatin ƙyanƙyasa ya haɗu. Tsohon firjin Baba na fafe, na sa ƙwan fitila mai ba da zafi, da fanka, da ƙararrawa, da ɗan allon da ka aiko, sola kuma tana kan rufi. Saura manhajar da za ta tafiyar da shi. Wane mai hankali ne yake buga manhaja a takarda, ya cusa ta jaka ɗaya da galan ɗin manja? Saman shafin farko ya jiƙe sharkaf, layukan da ke can ko mai duba ba ya karanta su. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na daɗe ina jiran takardun nan.

Duk da haka na zauna na kwafe sauran a kwamfutata harafi bayan harafi. Da na miƙa wa kwamfaila, wadda ka ce ita ke juya rubutun mutum zuwa yaren da allon yake ji, sai ta yi ƙorafi wai ana kiran wani aiki mai suna fabs ba a gabatar mata da shi ba. Na tuna a foli, makarantar fasaha da na yi, an koya mana cewa a yaren C sai ka faɗi sunan aiki, da irin lambar da yake karɓa, da irin wadda yake mayarwa, kafin ka kira shi. Na duba na ga duk lambobinka float ne, sai na rubuta a sama:

float fabs(float);

Wancan ƙorafin ya tafi, wani ya zo da rubutu ruwan ɗorawa. Wai abin da na rubuta ya saɓa wa abin da ta sani game da fabs, ita double take tsammani. Amma ta gama aikinta, ta ba ni fayil, na ɗora a allon, fitila ta kama.

Ka gaya mini ko wannan ƙorafin yana da illa. Ka amsa da wuri, zabi sun fara zuba ƙwai, kuma Goggo ta riga ta je ƙauyen Lafani ta yi wa mata albishir cewa bana ba sai sun yi ta neman kaza mai kwanci ba.

Uwargijiyarka, ɗiyar namiji,
Humaira

Ikko

Baiwata Humaira,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin labarin Kawu Umaru, Allah ya ƙara sauƙi. Ki ce wa Inna ta daina tafiya Lafani a ƙasa da wannan ƙafar. Ni lafiyata ƙalau, sai mura da ruwan garin nan ya jawo mini.

Tun yaushe ɗan mace ya zama bawa? Wannan ƙaryar ku kuka ƙirƙiro ta a gidanku. Maganar manja kuma ki tuhumi Halliru, ni a tsaye na ba shi galan.

Na karanta layin da kika ƙago, na yi dariya har abokin aikina ya leƙo. Kina tsammani kwamfaila baƙuwa ce a wurin fabs? Akwai ayyukan da suka zo tare da yaren, kuma an gina ta da saninsu: sunan kowanne, abin da yake karɓa, abin da yake mayarwa. Duk wanda ya gabatar da ɗaya daga cikinsu, sai ta ɗora abin da ya rubuta a kan abin da ta haddace. In sun dace ta yi shiru, in sun saɓa ta yi magana. Ke kin je gaban wadda ta goya yaro kina gaya mata sunan ubansa, kuma ba daidai ba. Ai ta yi miki kara da ta tsaya a rubutu ruwan ɗorawa.

Da wannan layin naki, dafaffen ƙwai za ki raba wa matan Lafani, sai ki tanadi gishiri da yaji. Ban yi mamaki ba. Ke ce kika ƙona tuwon sunan Bashar har maƙwabta suka fito da bokiti, ke ce kika gasa rediyon Kawu da sunan gyara. Duk abin da hannunki ya taɓa sai ya yi ƙauri, yanzu kuma kin samu firji kin mayar da shi murhu.

Gyaran layi ɗaya ne tak, yana nan a bakin alƙalamina. Amma ba na sakin sa a banza. Ki rubuto da hannunki cewa Mukhtari ubangidanki ne, ki haɗo da kilishi mai yaji, ba irin busasshen da kika aiko bara ba. Ranar da Halliru ya kawo, ranar zan ba ki.

Ubangidanki na har abada,
Mukhtari

Illela

Mukhtari,

Bayan gaisuwa. Kowa lafiya. An yi ruwa mai kyau, gero ya kai gwiwa a hanyar Darna. Goggo ta ce ka sha citta saboda murar.

Na tambaye ka magana ɗaya, ka aiko mini da shafi guda na rashin kunya. Tuwon sunan Bashar kai ka tura itace, kowa ya sani. Kilishi kuwa ko ƙamshinsa ba za ka ji ba, kuma hannun nan nawa ba zai taɓa rubuta cewa ɗan mace ubangidana ne ba. Wallahi na ji haushinka, don na ɗauka ko sau ɗaya za ka ga na yi abin kirki ka ce sannu.

Tunda ka ƙi, na gwada da kaina. Na kunna akwatin ya yi zafi daidai inda ka ce, ya tsaya cak. Na buɗe ƙofa iska ta shiga, kafin in ƙifta ido ƙararrawa ta ɗauka, har Baba ya yi tsammani mai ƙuli-ƙuli ne a ƙofar gida. Na rufe, ta yi shiru. Na maimaita ya fi a ƙirga, ba ta taɓa saɓawa ba. Na bar shi yana aiki babu ƙwai har Halliru ya je Ikko ya dawo, ko gezau. To ina illar? Kwamfailarka irinka ce, baki kawai.

Saboda haka na zuba ƙwai. Ran kasuwa matan Lafani suka zo da su cikin ƙwarya, an shimfiɗa musu dusa. Kowace ta yi wa nata alama don kada a yi rigima ranar rabo: wata ɗigon lalle, wata zanen gawayi, wata shuni. Akwai wata tsohuwa, Inna Lami, wadda zabinta suka fi na kowa a garin. Da farko ta ƙi, ta ce ita ba ta yarda da kazar da ba ta da gashi ba. Goggo ce ta zauna da ita ta ce ɗanta ne ya tsara abin a Ikko, ɗiyar ƙaninta kuma ta haɗa, in an samu matsala a neme ta. A kan wannan maganar Inna Lami ta kwashe har waɗanda ta riga ta sa wa kaza, ta kawo duka.

Na haska su da tocila jiya, jijiyoyi sun fito ja a kusan kowanne. In sun ƙyanƙyashe zan aiko maka da ɓawon, shi ne kilishinka.

Humaira

Ikko

Humaira,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya. Ki karanta wannan a tsaye, kuma ki sani babu wasa ko ɗaya a cikinta.

Takardarki ta daɗe a rumfar masu albasa kafin a ba ni, don na yi tafiyar aiki. Da na karanta, nan take na ɗauko alƙalami. Wa ya ce ki zuba ƙwan mutane? Na rubuta miki ƙarara cewa za ki dafa su. Me kike so in yi, in yi rantsuwa da Alƙur'ani a takarda?

Ki saurara. Aikin fabs shi ne ya cire wa lamba alamar ragi, don a san nisan zafin akwatin daga inda ake so, ko ya yi ƙasa ko ya yi sama. In nisan ya wuce iyaka, ƙararrawa ta buga, in zafi ne fanka ta tashi. Ainihin fabs double yake karɓa, wato lamba mai faɗin float biyu, kuma alamar ragin tana zaune a rabi na biyu. Ke kin ce wa kwamfaila float ne. Ta duba, ta ga ya saɓa wa abin da ta sani, ta gaya miki. Amma gargaɗi ne, ba hani ba. Tana ɗauka mai rubutu ya san abin da yake yi, don haka daga nan ta daina ɗaukarsa fabs ɗin da ta sani, ta bi maganarki. Abin da yake haɗa manhaja da rumbun ayyuka kuma suna kawai yake dubawa. Sakamakon shi ne a wannan allon kina miƙa rabin mudu, shi fabs yana share alama a rabin da ba ki ba shi ba, ya maido miki da lambarki yadda kika kawo ta.

In akwatin ya yi sanyi, lambar ba ta da alamar ragi, shi ya sa ƙararrawa take bugawa in kin buɗe ƙofa. In ya yi zafi, lambar tana ƙasa da sifili, ba za ta taɓa wuce iyaka ba. Ƙararrawa ba za ta yi ƙara ba, fanka ba za ta motsa ba. Gefe ɗaya kika gwada. Kuma in 'yan tsakin suka kusa fitowa jikinsu ma zafi yake fitarwa, ga rufin kwano, ga ranar Illela in ruwa ya ɗauke.

Ki goge layinki, ki rubuta wannan a madadinsa:

#include <math.h>

Shi ne abin da manja ya cinye. Ki sake juyawa, ki tabbatar babu rubutu ruwan ɗorawa ko ɗaya. Kafin nan kada ki bar gaban akwatin da rana, idonki a kan lambar zafin da allon yake nunawa.

Na buga wa Sahabi mai shago a layinsa na Ƙonni, wanda yake kama sabis daga tsallaken iyaka, na ce ya je gida ya gaya miki. Allah ya sa ya je.

Mukhtari

Illela

Mukhtari,

Mutanen gida lafiya. Ƙwan sun mutu.

Takardarka ta iso bayan an gama komai. Motar Halliru ta lalace a Kwantagora, ya yi zaman jiran makaniki da ita a aljihu. Na karanta ta a gaban akwatin da na riga na kashe.

Ruwa ya ɗauke mana, rana ta dawo kamar bazara. Ranar da abin ya faru ina zaune a ƙofar ɗakin, a inuwa, ina tsintar shinkafa. Tsakanina da akwatin bango ne kawai. Ban je ko'ina ba, kunnena yana wurin ƙararrawa, don ita na yarda da ita. Da la'asar na shiga in ƙara ruwa a tire, na buɗe ƙofa, zafi ya bugi fuskata. Na ga lambar zafin, na zauna a ƙasa. Fankar nan tana kallona, ko juyi ɗaya ba ta yi ba. Da iska ta shiga akwatin ya huce ya wuce ƙasa, sai ga ƙararrawa tana ihu.

Sahabi ya zo tun kafin ranar, kada ka ce bai zo ba. Ya tsaya a zaure yana dariya, ya ce: "Taubashinki ya bugo daga Ikko, wai in hwaɗa miki ƙwai na dahuwa, ki aje mai nashi." Baba ya yi dariya, Goggo ta yi, ni ma na yi. Na ce ya gaya maka ka zo da gishirinka. Sahabi bai yi laifi ba. Ya san ko kai wane ne a wurina, ya ji ka ambaci dafa ƙwai, me zai ɗauka?

Ka ce ka rubuta ƙarara. Ƙarya kake yi. Ka sa maganar tare da tuwon Bashar da rediyon Baba. Tun ina rarrafe kake ce mini abin da na taɓa sai ya ƙone. Ka ce lallen da na ƙunsa wa amarya zai cinye mata yatsu, bai cinye ba. Ka ce ranar da na shiga foli makarantar za ta rufe, ba ta rufe ba. Ta yaya zan gane cewa wannan karon zagin gaskiya ne? Ita kwamfaila ko ba komai ta canza launin rubutu. Kai da murya ɗaya ka yi duka.

Kuma kana da layin. Kalma biyu ce, Mukhtari. Kana riƙe da ita ka san mata suna tara ƙwai, ka zauna kana cinikin kilishi. Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda nake jin naka yau ba.

Humaira

Ikko

Humaira,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina gaishe da Kawu da Inna. Tun da na karanta takardarki abinci bai yi mini daɗi ba.

Amma ba zan ɗauki kayan nan ni kaɗai ba. Kwamfaila ta gaya miki da bakinta cewa abin da kika rubuta ba daidai ba ne, ita kuma ba taubashiyarki ba ce. Kin ga gargaɗi a gabanki, ba ki san ma'anarsa ba, kika ɗora dukiyar mutane a kai don kada ki ce mini don Allah. Na ɗauka za ki yi zagi ki aiko da kilishin, kamar yadda muka saba, in ba ki layin a mota ta gaba. Ko a mafarki ban zaci za ki zuba ƙwai kafin nan ba. Da kin rubuto kin ce gobe za ki zuba, da na bar wasa a take. Ke ma wasan kika yi, kin fi son ki kayar da ni a kan ki tambaya sau biyu.

Na yi magana da wani mai gidan gona a Ibadan. Zai iya ba ni 'yan tsakin kaji masu yawa, Halliru ya taho da su a kwali, a raba wa matan. Ki gaya mini ko in tura. Ki kuma ce wa Inna kada ta sa abin a ranta.

Ɗan'uwanki,
Mukhtari

Illela, ƙarshen damina

Mukhtari,

Assalamu alaikum. Baba lafiya. Ƙafar Goggo ta kumbura, tana kwance, za ka ji dalili.

Kada ka turo 'yan tsaki. Kajin gidan gona ba sa kai sati a Lafani, kuma ba kaji aka ba ni ba. Maganar wa ya fi laifi kuma ka riƙe ta, ba ni da ƙarfinta yanzu. Layinka na sa, kwamfaila ta juya ba ta ce uffan ba, na hura wa akwatin zafi da gangan fanka ta tashi. Zabi kuwa sun daina ƙwai sai baɗi.

Na so in haƙa rami a bayan gida in binne su. Goggo ta hana. Ta ce ƙwan amana ba a binne shi a ɓoye, sai mai shi ya gani da idonsa, in ba haka ba gobe a ce an kai kasuwar Ƙonni an sayar. Muka jera su a babban baho. Na nemo mai mashin, ta ce ba za ta hau ba, a ƙasa ta je ta roƙo su, a ƙasa za ta mayar. Na ce to ni zan ɗauka. Ta ture hannuna ta aza a kanta. Haka muka bi hanyar Lafani, tana ɗingishi, warin yana bin mu, duk wanda muka gamu da shi sai ya kauce ya toshe hanci.

A ƙofar gidan Inna Lami ta sauke. Mata suka taru. Goggo ba ta ambaci sunanka ba, ba ta ambaci nawa ba. Cewa ta yi: "Ni nac ce ku ba da, ga ni na kawo maku abinku." Na so a zage ni, babu wadda ta zage ni. Kowace ta durƙusa tana juya ƙwai tana neman alamarta, mai lalle ta ware nata, mai gawayi ta ware nata. Wata yarinyar mace da ta ce da zabin za ta yi hidimar haihuwarta ta kwashe nata a gefen zane, ta tafi ba ta dubi kowa ba.

Inna Lami ce ta ƙarshe, kuma nata sun fi yawa. Ta ɗauki ɗaya ta fasa a bakin turmi. Ɗan tsako ne cikakke, da baki da farce, gashinsa a jiƙe, har zanen bayansa ya fito. Ta daɗe tana dubansa a tafin hannunta. Sannan ta ɗago ta tambaye ni: "Sun hwara kuka?"

Ban gaya maka wannan ba a waccan takardar. Da safen ranar, da na kara kunnena a jikin akwatin, na ji su. Suna tsiwa ƙasa-ƙasa daga cikin ɓawo, nan ɗaya can ɗaya. Na fita da gudu na kira Goggo ta zo ta ji, muka tsaya muna dariya kamar yara.

Na ce mata eh, sun fara.

Ta gyaɗa kai, ta ce, "Ashe sun iso ƙohwa." Ta mayar da shi cikin rabin ɓawonsa, ta rufe da ɗaya rabin, ta shiga gida da shi.

Ka rubuto wa Goggo, tana tambayarka. Ni kada ka rubuto mini tukuna.

Humaira